RA'AYINMU: TUN RAN GINI, RAN ZANE

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, wasu daga cikinmu sun sami wurin zama a bayan zauren da 'yan ajin ƙarshe na sashen injiniya ke kare ayyukansu na kammala digiri. Wani ɗan'uwanmu, yaro mai ƙoƙari wanda ba mu san shi da komai ba sai alheri, ya tashi ya baje zanensa na samar wa wani ƙauye ruwan sha. Zanen kuwa ya yi kyau ainun, ga lissafi shafi 40, ga tanki an tsayar da shi bisa ƙafafunsa, ga bututu sun bi unguwa unguwa. Malamai suna ta gyaɗa kai. Can sai wani dattijo, ma'aikacin ɗakin gwaji wanda ya shekara fiye da 30 yana kwance injuna yana ɗaurawa, wanda kuma an kira shi ne kawai don ya kula da majigi, ya ɗaga hannu ya ce, "Gafara dai, malamai. Yaro, rijiyar nan taka, ruwanta yana mita nawa daga bisa?" Ya ce, "Mita 28, Baba." Dattijo ya ce, "To, famfon da ka dasa a bakin rijiya, da me zai zuƙo shi?" Zaure ya yi tsit.

Ga wanda bai karanta kimiyya ba, bari mu fayyace. Famfon da a ke dasawa a bisa ba jawo ruwa ya ke yi da ƙarfinsa ba, iska ya ke zuƙewa daga cikin bututu, sa'an nan nauyin iskar duniya ya danna ruwan ya hau. Nauyin nan kuwa yana da iyaka: ba ya iya tura ruwa ya wuce mita 10 da 'yan kai ko da komai ya tafi daidai, a wurin aiki ma da ƙyar a ke samun mita 7. Masu haƙa rijiya a Italiya sun lura da haka tun zamanin Galileo, almajirinsa Torricelli kuwa ya gano dalilin a shekarar 1643. Watau ɗan'uwanmu bai yi kuskure a lissafi ba ko ɗaya. Duk shafukan nan 40 daidai su ke, sai dai lissafi ne na abin da ba zai taɓa kawo ko ɗigon ruwa ba. Da muka same shi daga baya, bai ɓoye mana ba, ya ce wata manhajar hira ya tambaya ta ba shi shawarar irin famfon da ya dace da ƙauye. Bai gaya mata zurfin rijiyar ba, ita kuwa ba ta tambaye shi ba.

Ba don mu yi masa dariya muka kawo labarin nan ba, domin kowa a cikinmu yana iya faɗawa ramin da ya faɗa. Mun kawo shi ne saboda ya nuna inda gizo ke saƙar. Masana sun daɗe da rarraba aikin zayyana zuwa matakai. Wasu malamai biyu Jamusawa, Gerhard Pahl da Wolfgang Beitz, a littafin da suka fitar a 1977, sun kasa shi kashi 4: a fayyace abin da a ke bukata, a zaɓi hanyar da za a bi, a ba ta siffa da jiki, sa'an nan a bi ƙananan abubuwa ɗaya ɗaya har zuwa kaurin ƙusa. Mataki na biyun nan shi mu ke kira zayyanar fari, shi ne kuma mu ke magana a kansa. A nan ne a ke yanke shawara ko gada za a yi ko kwalbati, ko a tare kogi ko a haƙa rijiyoyi, ko famfo ya zauna a bisa ko ya nutse cikin ruwa. Littattafan injiniya sukan ce kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na kuɗin da aiki zai ci a wannan mataki a ke ƙulla shi. Masana na jayayya a kan adadin, amma ba mu ji mai musun ma'anar ba. Abin mamaki kuwa, shi ne matakin da a ke yi a kan bayan ambulan cikin rabin sa'a, alhali lissafin da ke biyo bayansa ya kan ci watanni. A nan ne injiniya ya fi ƙarancin labari a kan aikinsa, a nan ne kuma hukuncinsa ya fi nauyi.

Kada a ce wannan ciwo ne na ɗalibai ko na ƙasashe matalauta. A ranar 1 ga Yuli, 1940, aka buɗe wata gada mai rataye a mashigin Takoma, cikin jihar Washinton ta Amurka, wadda tsakanin ginshiƙanta biyu ya kai mita 853. Wanda ya tsara ta, Leon Moisseiff, yana daga cikin manyan gwanayen gada na zamaninsa. Shawarar farko da aka kawo ita ce a ƙarfafa bayan gadar da saƙaƙƙen ƙarfe mai zurfin ƙafa 25, shi kuwa ya ga faranti mai zurfin ƙafa 8 ya wadatar, ga sauƙin kuɗi ga kyan gani. Lissafinsa ya nuna gadar za ta jure wa iskar da ke tura ta gefe, gaskiya ne kuma za ta jure. Abin da bai shiga lissafin ba shi ne iska tana iya kaɗa gada sama da ƙasa ta kuma murɗa ta. Ranar 7 ga Nuwamba na shekarar nan, wata 4 da 'yan kwanaki bayan buɗewa, wata iska wadda gudunta bai fi kilomita 70 a sa'a ba ta yi ta murɗa ta kamar igiyar shanya har ta karye ta zube cikin ruwa. Allah ya kiyaye, ba a rasa ran ɗan Adam ba, sai wani kare da aka bari cikin mota.

Abin takaici a labarin nan shi ne ba sabon abu ba ne. Iska ta lalata wata gada mai rataye a Braiton ta Ingila a 1836, ta kuma kayar da ta garin Wheeling bisa kogin Ohayo a 1854. John Roebling, wanda ya gama gadar jirgin ƙasa ta Nayagara a 1855, ya san wannan sarai, shi ya sa ya riƙa ɗaure gadojinsa da ƙarin igiyoyi yana taurara bayansu. Sanin yana nan a rubuce cikin tsofaffin mujallu. Amma shekaru 80 sun shuɗe, waɗanda suka ga abin da idonsu sun mutu, waɗanda suka gaje su kuwa sun gaji lissafin ba su gaji tsoron ba.

To, a nan ne maganar ƙirƙirarriyar basira ta shigo, amma ba irin wadda ta cika bakin mutane yanzu ba. Akwai wata tsohuwar hanya, wadda a ke gina ta bisa sanin gwanaye, ita mu ke so masu karatu su sani. Tushenta yana Jami'ar Stanford ta Amurka, inda tun daga 1965 Edward Feigenbaum da Joshua Lederberg da abokan aikinsu suka fara gina wata manhaja mai suna DENDRAL don ta taimaki masana haɗa magunguna wajen gano siffar ƙwayoyin sinadari. Darasin da suka koya shi ne ƙarfin na'ura ba a saurin lissafinta ya ke ba, a yawan abin da aka sanar da ita game da sana'ar ya ke. Daga nan aka sami MYCIN a cikin shekarun 1970, aikin Edward Shortliffe, mai ƙa'idoji wajen 600 game da cututtukan da ke shiga jini da magungunansu.

Ginin irin wannan manhaja ba shi da wuyar fahimta. Kashi biyu ce. Akwai rumbun sani, inda a ke zuba ƙa'idoji da aka tatso daga bakin gwanaye, kowace da siffar "in kaza da kaza, to kaza". Akwai kuma ɓangaren da ke bin ƙa'idojin nan yana ɗora wata bisa wata har ya kai ga hukunci, in ya iske akwai abin da bai sani ba kuwa sai ya tsaya ya tambayi mutum. Wanda ya taɓa zama gaban malamin fiƙihu ya ga yadda a ke warware mas'alar gado, daga asali zuwa reshe, kowane mataki da hujjarsa, ba zai ga abin baƙo ba. Abin da ya fi burge mu game da MYCIN shi ne likita yana iya tsayar da ita ya ce, don me kika yi mini wannan tambaya, ko ta yaya kika kai ga wannan hukunci, ita kuwa ta jero masa ƙa'idojin da ta bi. Ba a taɓa sa ta aiki a asibiti ba, gaskiya ne, amma ɗabi'ar nan ta nuna hujja ita ce gadon da ta bari.

Wadda ta fara cin kasuwa a fagen injiniya ita ce R1, wadda daga baya aka sa wa suna XCON. John McDermott na Jami'ar Carnegie Mellon ya fara ta a 1978, kamfanin Digital Equipment kuma ya fara aiki da ita a 1980. Kamfanin yana sayar da manyan kwamfutoci da a ke kira VAX, kowane mai saye da irin haɗin da ya ke so, sau da yawa sai an kai kaya wurin mai shi a tarar an manta da wata waya ko wani allo bai dace da akwatinsa ba. XCON ta karɓi aikin duba oda tana tsara yadda sassan za su zauna tare, ta kuwa yi shi fiye da yadda aka zata. A cikin shekarun 1980 ɗin kuma aka fito da wata mai suna ICAD, wadda kamfanonin jiragen sama irin su Boeing da Airbus suka yi amfani da ita wajen zuba ƙa'idojin ƙira, ta yadda in aka canza tsawon wani sashe sauran sassan za su bi shi da kansu.

Mai karatu zai ce, to wannan ai haɗa abin da aka riga aka sani ne, ina ruwansa da zayyanar fari? Tambaya ce mai kyau, bari mu amsa ta da rijiyar ɗan'uwanmu. Wani masanin taurari ɗan ƙasar Suwizalan, Fritz Zwicky, wanda ya yi aiki a Kalifoniya, ya fito da wata dabara a shekarun 1940: kada ka fara da tambayar wane inji zan saya, ka fara da tambayar waɗanne ayyuka ne tilas a yi, sa'an nan ka jera duk hanyoyin yin kowanne. Don ƙauye ya sha ruwa ana bukatar abubuwa 4. Ana bukatar ƙarfi, wanda yana iya fitowa daga hannu, ko dabba, ko dizal, ko rana, ko iska, hanya 5 ke nan. Ana bukatar abin ɗago ruwa: guga, ko famfon zuƙo a bisa, ko famfo mai fistin a can ƙasa irin na tuƙa-tuƙa, ko famfon lantarki mai nutsewa, hanya 4. Ajiya hanya 3: tankin sama, tankin ƙasa, ko babu. Rabawa ma hanya 3: a bakin rijiya, a famfunan unguwa, ko gida gida. In aka buga 5 sau 4 sau 3 sau 3, an sami tsari 180 daga ƙaramin aiki irin wannan. Babu ɗalibin da zai zauna ya auna 180, ba kuma injiniyan ma'aikata da zai yi. Abin da kowa ke yi shi ne ya cafke na farkon da ya faɗo masa a rai, galibi wanda ya taɓa gani, ya shiga ƙawata shi.

Na'ura kuwa ba ta gajiya da jerawa, rumbun sani kuma shi ke yi mata tankaɗe. Ƙa'ida ta farko: in zurfin ruwa ya wuce mita 7, a cire famfon zuƙo. Tsari 45 sun faɗi, saura 135. Ta biyu: famfon lantarki ba ya tafiya da ƙarfin hannu ko na dabba. Wasu 18 sun faɗi, saura 117. Sa'an nan a shiga ƙa'idojin da ba a cika samu cikin littafin aji ba. In ruwan ƙasa yana da tsami, watau awon da a ke kira pH ya kasa 6.5, kada a sa bututun ƙarfe mai rufin tutiya, domin tsatsa za ta cinye shi ruwan kuma ya yi ja, mata su ƙaurace masa su koma rafi. An san wannan a Afirka ta Yamma tun shekarun 1980, amma bai hana a ci gaba da binne irin bututun nan ba. In ƙauyen yana kan dutsen ƙarƙashin ƙasa irin na wajejen Zariya da Kano, ruwan yana cikin tsagogi ne, kada a sa ran rijiya ɗaya za ta ba da abin da ta kwarin Cadi ko ta kwarin Sakkwato ke bayarwa. In za a sa faifan sola, wa zai riƙa share masa ƙura da hunturu? In injin dizal ne, nisan wurin sayen kayan gyara kilomita nawa ne, wa kuma zai riƙa sayen man bayan an watse daga bikin buɗewa? Haka za a yi ta tankaɗe har a rage tsari 4 ko 5, kowanne da dalilin da ya sa ya tsira, waɗanda suka faɗi ma kowanne da dalilin faɗuwarsa. Daga nan sai mutum ya karɓi aikinsa. Muhimmin abu shi ne irin wannan manhaja ba za ta iya motsawa ba sai ta tambayi zurfin rijiya, domin ƙa'idarta ta farko tana jiran amsar. Tambayar Baba ke nan.

Akwai ma wanda ya yi ƙoƙarin tattara ƙa'idojin ƙirƙira kanta. Genrich Altshuller, wani matashi mai duba takardun sababbin ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Baku na Tarayyar Sobiyat, ya fara nazarinsu a 1946, ya lura cewa dabaru ƙalilan ne ke ta maimaituwa a sana'o'i dabam dabam duk sa'ad da gyaran wani abu ke ɓata wani, kamar a ƙara ƙarfi nauyi ya ƙaru. Ya rubuta wa Stalin wasiƙa yana sukar yadda a ke tafiyar da harkar ƙirƙira, sakamakonsa kuwa aka kama shi a 1950 aka tura shi sansanin gwale-gwale, sai 1954 ya fito. Daga baya ya taƙaita dabarun zuwa 40, a ka kuma san hanyarsa da suna TRIZ. Ba mu ce hanyar tana mai da kowa gwani ba, amma tana hana mutum ɓata shekara wajen gano abin da maƙerin wata sana'a ya daɗe da ganowa.

Yanzu kuma sai mu faɗi aibin abin, don kada a ce mun zama 'yan talla. Na farko, rumbun sani yana tsufa. Zuwa 1987 XCON ta tara ƙa'idoji fiye da 6,000, kuma kusan rabinsu sai an taɓa su kowace shekara saboda kayan kamfanin suna canzawa, har ta kai gyara ɗaya yana ɓata abu uku a wani wuri. A ƙarshen shekarun 1980 kasuwar irin waɗannan manhajoji ta faɗi, kamfanoni da dama suka rufe, domin an yi wa mutane alkawarin da ya fi ƙarfin abin. Na biyu, na'urar ba ta san iyakar saninta ba. Gwani in aka kawo masa abin da bai taɓa gani ba zai yi shiru ya sosa ƙeya, ita kuwa sai ta ba da amsa ko ta tsaya cik. Na uku, abin da aka zuba mata kawai ta sani. Da an gina irinta a 1938 bisa sanin manyan gwanayen lokacin, da ta sa wa gadar Takoma albarka, sai fa in wani mai tonon tsofaffin takardu ya tuna da gadar Wheeling ya rubuta mata ƙa'ida.

Na huɗu shi ne mafi wuya, shi ne kuma ya fi shafarmu. Gwani ya san abubuwa da yawa da ba ya iya faɗa. Je ka Zariya ka tsaya ƙarƙashin bakunan tsohon Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu. Maginan da suka gaji sana'ar nan za su gaya maka azara daga giginya a ke tsaga ta, gara ba ta cinta, kuma ba a barinta ta ratsa fiye da kimanin ƙafa 6 ba tare da tallafi ba, shi ya sa a ke ɗora ta hawa hawa har a haɗa baka. Wannan yana rubutuwa. Amma tambayi tsoho yadda ya san ƙasar nan ta nuna ta isa yin tubali, sai ya damƙe ta a hannu ya ce, ai ka ji ta. Yaya za a mai da "ai ka ji ta" ta zama "in kaza, to kaza"? Feigenbaum da kansa ya yarda cewa tatso sani daga bakin gwanaye shi ne maƙogwaron da aikin duka ke maƙalewa. Wani abin kuma, gwani ya kan ba ka dalilin da ya ga zai gamsar da kai, ba lalle wanda ya ke aiki da shi ba. Sai an zauna da shi a bakin aiki, ba a ofis ba, an ga inda hannunsa ya saɓa wa bakinsa.

Duk da wannan, mu dai mun tsaya a kan cewa tsohuwar hanyar nan ta fi dacewa da zayyanar fari bisa ga manhajojin hira da suka cika gari tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022. Waɗannan sun karanta rubutun duniya, sun iya zance, suna kuma da amfani wajen tuno wa mutum hanyoyin da bai yi tunaninsu ba. Amma aikinsu shi ne su kawo kalmar da ta fi dacewa da bin ta baya, in ka tambaye su dalili kuma sai su tsara maka dalili mai daɗin ji a nan take, wanda ba ka da hanyar sanin ko shi suka bi. Ga rubutun da suka karanta, mafi yawansa na ƙasashen da ba su san hunturu ba, ba su san baƙar lakar nan ta wajejen Dikwa da Numan ba, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani ta karya harsashin gini. Masana da dama yanzu suna ƙoƙarin haɗa biyun, manhajar hira ta zama baki mai karɓar tambaya da kawo shawarwari, rumbun ƙa'idoji kuma ya zama alƙalin da zai tantance su. Mun ga hikimar wannan. Amma rumbun namu fa babu mai cika mana shi daga Kalifoniya.

Saboda haka muna da magana da ɓangare biyu. Ku 'yan'uwanmu da kuka riga mu fita, kuna ma'aikatun ayyuka da na ruwa da ƙananan hukumomi, mun san ba ku ne ke yanke hukunci ba, amma fayil ta teburinku ya ke bi kafin ya hau sama. In ɗan kwangila ko mai ba da shawara ya kawo tsari ɗaya tilo mai kaurin bango, ku rubuta a gefe da ladabi: waɗanne hanyoyi aka duba kafin a zaɓi wannan, don me kuma aka ƙi su? In ya ce kwamfuta ce ta zaɓa, ku nemi a nuna ƙa'idojin da ta bi. Tun da aka kafa hukumar COREN a 1970, mutum mai rajista ne ke ɗaukar alhakin aikin injiniya a ƙasar nan, ba inji ba, in gini ya rufta kuwa ba kwamfuta za a kira gaban kwamitin bincike ba. Ku kuma duba ofisoshinku da kyau. Akwai wani fita ko wani safiyo da ya rage masa shekara 2 ya yi ritaya, wanda ya san duk inda aka taɓa haƙa aka tarar da dutse a yankinku, ranar da zai tafi kuwa agogon bango za a ba shi a tafa masa, ba wanda zai ce masa Baba zauna ka faɗa mana.

Ku kuma hukumomin sassan injiniya da na kimiyyar kwamfuta, ga roƙonmu. Kowace shekara ana tura mu koyon aiki na watanni, mu dawo da littafin da aka cika da "yau an nuna mana injin kaza". Muna so a ƙara sharaɗi ɗaya: kowane ɗalibi ya dawo da ƙa'idoji 20 da ya ji daga bakin tsofaffin ma'aikata, masu haƙa rijiya, magina, maƙera da makanikai, kowace a rubuce da harshen da aka faɗe ta, tare da sharaɗinta, da dalilinta, da wurin da ta taɓa aukuwa, da sunan mai ita in ya yarda, domin haƙƙinsa ne a san daga gare shi ta fito. Malamai su tace, su jefar da camfi, su gwada masu shakka a ɗakin gwaji, wanda ma kansa aikin digiri ne mai kyau. 'Yan kwamfuta kuma su zuba abin da ya tsira cikin rumbu ɗaya da kowa zai iya buɗewa. A fara da fanni ɗaya ƙarami, mu ruwan ƙauye muka zaɓa, kada a ce za a haɗiye injiniya duka a faɗa ramin da XCON ta faɗa. Ajin mutum 50 zai kawo ƙa'idoji 1,000 a shekara, ko kashi ɗaya cikin biyar ne ya tsira an sami 200, kwatankwacin sulusin abin da MYCIN ta tsaya a kansa. Ba a bukatar babbar na'ura, kwamfutar da ke ofishin sashe ta isa.

Za mu gabatar da wannan shawara a rubuce ga majalisar ƙungiya a zamanta mai zuwa, muna kuma roƙon wakilan sassan biyu su zo da shirinsu. Mun riga mun je wurin dattijon nan na ɗakin gwaji, ya kuma yarda ya zauna da mu ranar Asabar bayan la'asar, da sharaɗin mu zo da littafi da alƙalami mu bar wayoyinmu a aljihu. Ɗan'uwanmu mai rijiya shi ya fara rubuta sunansa. Wanda ke son zuwa ya bar nasa a ofishin mujalla kafin Alhamis, benci biyu ne kawai a ɗakin.